Yadda aka kafa birnin Bangui

Kowane yaro a Yakité ya san unguwarsu tana cikin Kilomita Biyar. Amma daga ina aka fara ƙirga kilomitocin nan? An fara ne daga tsakiyar gari, kusa da bakin kogin Ubangi, wurin da ake kira PK 0. A wannan gefen ne barikin Turawa ya girma har ya zama birni. Don haka sunan unguwar kansa yana ɗauke da tarihi.

Kafin zuwan Turawa

Tun kafin Bature ya ga Ubangi, akwai mutane a bakinsa. Ngbaka suna noma da farauta. Banziri da Yakoma da Sango masunta ne, kuma gwanayen tuƙa kwale-kwale. Suna kai kifi da ƙarfe da sauran kaya daga ƙauye zuwa ƙauye. Can yamma kuwa, fatake Hausawa suna tasowa daga Adamawa, su bi ta Ngaoundéré, su shiga ƙasar Gbaya. Suna kawo tufafi da duwatsun ado, su koma da hauren giwa da goro. A wancan zamani ana cinikin bayi ma, kuma hare-haren masu kama bayi daga arewa sun watsa ƙauyuka da yawa.

Turawa sun biyo ruwa

A shekarar 1482 wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal, Diogo Cão, ya iso inda kogin Kongo yake shiga teku. Amma shekaru kusan 400 Turawa ba su yi nisa cikin ƙasa ba. Duwatsun kogi sun tare jiragensu, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kashe su.

A ƙarni na 19 abubuwa suka sake. Turawa suka sami maganin kwini, da bindigogi masu sauri, da jirgin ruwa mai tafiya da tururi. Masana'antunsu kuma suna bukatar danƙo da manja da hauren giwa. A 1877 Stanley ya bi kogin Kongo har teku. A 1880 Savorgnan de Brazza ya ƙulla yarjejeniya da sarki Makoko da sunan Faransa. Daga nan aka kafa Brazzaville.

Sai ƙasashen Turai suka shiga tsere. Suka yi taro a Berlin daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, suka tsara yadda za su kama ƙasashen Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Ba a gayyaci ko sarki ɗaya na Afirka ba. A 1887 Faransa da Sarki Léopold na biyu na Beljiyam suka mai da Ubangi iyaka: gaɓar dama ta Faransa, gaɓar hagu ta Léopold.

Me ya sa a nan?

Jirgin da ya taso daga Brazzaville yana iya hawo kogi kwana da kwanaki. Da ya iso nan sai ya tarar da matsirga, wato wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu. Babban jirgi ba ya wucewa da sauƙi. Dole a sauke kaya, a zuba su cikin kwale-kwale. Inda ake sauke kaya kuwa, nan ake bukatar rumbu da masu gadi.

Saboda haka, ranar 26 ga Yuni 1889, Faransawa biyu, Michel Dolisie da Alfred Uzac, suka kafa ƙaramin bariki a gaɓar dama. Bukkoki ne kawai da tuta. A ƙetaren kogi mutanen Léopold suna da nasu barikin a Zongo. Kowane yana sa ido a kan ɗan'uwansa. Mutanen ƙasa ba su karɓi baƙin hannu biyu ba: a farkon 1890 aka kashe shugaban barikin, Maurice Musy, a faɗa da mutanen wani ƙauye. A 1891 aka matsar da barikin zuwa gindin matsirgar, ƙarƙashin tsauni.

Hanyar tabkin Cadi

Burin Faransawa shi ne su kai tabkin Cadi kafin Ingilishi da Jamusawa. Bangui ta zama mashigarsu. Paul Crampel ya wuce ta nan a 1890, amma a 1891 mutanen Sanusi, sarkin Dar el-Kuti, suka kashe shi. Émile Gentil ya sake gwadawa. Ya sa aka wargaza jirginsa gunduwa-gunduwa, ƴan dako suka ɗauke shi a ka daga ruwan Ubangi zuwa ruwan Shari. Ya isa tabkin a 1897. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka ci Rabeh da yaƙi a Kuseri.

Littattafan dā suna cewa Turawan nan ne suka "gano" ƙasar. Amma wa ya nuna musu hanya? Wa ya tuƙa kwale-kwalen? Wa ya ɗauki kayan? Ƴan ƙasa ne, tare da sojoji da ma'aikatan da aka kawo daga Senegal da wasu sassan Afirka. Cikin wannan cuɗanya a kan kogi ne harshen Sango ya yaɗu.

Nauyin mulkin mallaka

A 1899 Faransa ta ba kamfanoni kusan 40 hayar yawancin ƙasar Kongo ta Faransa na shekara 30. Kamfanonin suka tilasta wa mutane shiga daji neman danƙo. Aka ɗora haraji da aikin dako na dole. Gonaki suka zauna ba mai noma, yunwa da ciwon barci suka kashe jama'a da yawa. A 1903 aka ƙirƙiri yankin Ubangi-Shari, a 1906 Bangui ta zama babban birninsa. Turawa suka zauna kusa da kogi, unguwannin ƴan Afirka kuma suka yi ta matsawa baya. A hankali Kilomita Biyar ta zama babbar kasuwa, inda Hausawa da sauran ƴan kasuwa suka zauna tare da ƴan ƙasa.

Mutane ba su daina neman ƴanci ba. A 1928 wani mutumin Gbaya mai suna Karnu ya ta da boren Kongo-Wara. Daga baya Barthélemy Boganda ya ci gaba da gwagwarmaya ta hanyar siyasa. Ya rasu a 1959, ƙasa kuma ta sami ƴancin kai ranar 13 ga Agusta 1960. Babban titin da ya taso daga PK 0 ya nufi Kilomita Biyar, sunansa yake ɗauke da shi.

Kalmomi

matsirga: les rapides
bariki: le poste
ɗan dako: le porteur
danƙo: le caoutchouc
mulkin mallaka: la colonisation

Tambayoyi

1. Su wane ne ke zaune a bakin Ubangi kafin 1889?
2. Me ya sa jiragen Turawa suke tsayawa a Bangui?
3. Wane aiki ƴan dako suka yi wa Gentil?
4. Daidai ne a ce Turawa ne suka gano Ubangi? Don me?