Amsoshin Tambayoyinku: Tafiya Kan Doron Tsaunuka, Wasa Ce Ko Ganganci?

A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Kawo, a nan Kaduna.

TAMBAYA: Alhajin ya ce ɗansa na fari, wanda ke karatu a wata babbar makaranta a nan garin, ya zo masa da maganar cewa shi da abokansa za su tafi hawan dutse a hutun watan Agusta. Wai za su fara da duwatsun Shere na kusa da Jos, daga nan su zarce jihar Taraba, inda za su yi kwanaki suna bin kan tsaunuka, su sauka daga wannan su hau wancan, har su kai ga wanda ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Ya ce shi dai a iya saninsa, mai neman itace da maharbi da makiyayi su ne ke hawa dutse, uwar yaron kuwa tun ranar ta kasa barci. Yana so a bayyana masa wace irin tafiya ce wannan, mene ne haɗarinta, kuma ya bar yaron ya je ko ya hana shi.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Bari mu fara daga gona, tunda kowa ya san ta. Idan aka yi huɗa, akan sami kunya a tsakiya, da kwari a dama da hagu. To, haka manyan tsaunuka suke. Sau da yawa ba ɗai-ɗai suke tsaye ba kamar Dala ko Kufena, a jere suke, kuma akwai wani dogon doro da ya haɗa kan wannan da kan wancan, kamar kunya guda mai tudu da gangare. Masu irin tafiyar da ɗanka ke magana sukan hau wannan doron ne su bi shi, su isa ƙololuwar dutse na farko, su gangara zuwa wuyan da ke tsakaninsa da na biyu, su sake hawa, haka har su gama jerin. A wani wurin doron yana da faɗi kamar filin makaranta, a wani wurin kuwa bai wuce faɗin tabarma ba, ga kwazazzabo ta kowane gefe.

Wannan al'ada ta fi ƙarfi a ƙasar Turai, a tsaunukan Alps da suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Mafi tsawonsu, wato Mont Blanc, ya haura mita 4,800, kuma a shekarar 1786 ne wani likita mai suna Michel Paccard da abokin tafiyarsa Jacques Balmat suka fara taka ƙololuwarsa. Tun daga nan abin ya zama wasa ga wasu, ya zama sana'a ga mutanen ƙauyukan wurin, masu yi wa baƙi jagora da masu saukar da su. A nan ƙasar ma ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar nan ta Man O' War da kake ganin 'ya'yanta da kaki a wuraren taro, asalinta wata makaranta ce da aka buɗe a 1951 a bakin tekun Kamaru, kuma cibiyar da ta gaje ta tana da sansanin horo a duwatsun Shere ɗin da ɗanka ya ambata. Manufar ita ce a koya wa matasa juriya, da haƙuri da juna, da yanke shawara a lokacin wahala.

Dangane da wuraren da za su, ƙololuwar Shere tana da tsawon mita 1,829 daga bakin teku, wato ƙafa 6,000. Na Taraba kuwa shi ne Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Tsawonsa mita 2,419 ne, kusan ƙafa 8,000. Don ka gane, garin Kaduna da muke zaune yana wajen mita 600 ne.

Akwai wani ciwo da masu hawan manyan tsaunuka ke tsoro, wanda ƙarancin iskar shaƙa ke kawowa: ciwon kai, da jiri, da amai, wani lokaci har ruwa ya taru a huhu. Amma likitoci sun ce galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa. Masu zuwa Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, su ne ke fama da shi. Babu dutsen da ya kai wannan mizani a Nijeriya, saboda haka ka cire wannan daga ranka. Yaron zai yi haki, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Ainihin haɗarin doron dutse shi ne wannan: wanda ya hau dutse ɗaya, in abu ya ɓaci sai ya juyo ta inda ya hau. Wanda ya yi nisa a kan doro kuwa, gaba da nisa, baya da nisa, gefe da gefe kuma ba wurin sauka. Duk abin da ya same shi, a fili zai same shi. Abubuwa huɗu ne suka fi cin mutane a can.

Na farko, sanyi. A duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin gari yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Ke nan kan Gangirwal ya fi Kaduna sanyi da kamar digiri 12, tun kafin a sa lissafin iska. Idan ruwa ya jiƙa mutum, iska kuma tana kaɗa shi, jikinsa yakan yi asarar ɗumi da sauri. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, da ya sauko ƙasa da 35 an shiga matsala. Sai ka ga mutum yana makyarkyata, yana tuntuɓe, maganarsa tana sarƙewa kamar mai maye, daga baya ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. In aka bar shi, ba lalle ya tashi ba. Kada a ɗauka sai inda ake ƙanƙara hakan ke faruwa. A ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka shiga tseren gudu na kilomita 100 a kan tsaunuka masu tsawon wajen mita 2,000. Ruwa da iska da ƙanƙara suka rutsa da su a sama, yawancinsu daga su sai gajeren wando da 'yar shara. Mutum 21 suka rasu, cikinsu har da gwanayen gudu na ƙasar. Ƙarfi bai hana ba.

Na biyu, tsawa. Manomi ya san ba a faka wa hadari a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili. To, mutumin da ke kan doron dutse shi ne wannan itacen, domin babu abin da ya fi shi tsawo a wurin. Akwai dabarar auna nisan hadari: daga ganin walƙiya a fara ƙirga daƙiƙa har a ji rugugi. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar doron a gangara ƙasa, kada a tsaya ana shawara, kuma kada a cure wuri ɗaya.

Na uku, hazo. A can sama gajimare ba a bisa kai yake ba, cikinsa ake shiga. Cikin 'yan mintoci mutum ya daina ganin wanda ke gabansa. Doro kuma yakan yi rassa kamar hanyar shanu, in aka bi reshen da ba shi ba, sai a tsinci kai a bakin rami ko a wani kwari da ba kowa. A Turai suna da ƙarin wata masifar: iska takan tara dusar ƙanƙara a gefen doro ta yi baki, kamar gaɓar kogin Kaduna da ruwa ya cinye ƙarƙashinta, sama lafiya lau, ƙasa wayam. A kan wani dutse mai suna Lyskamm, tsakanin Suwizalan da Italiya, irin wannan gaɓa ta rufta da mutum biyar a 1877, Turawan Ingila biyu da 'yan jagoransu uku 'yan gida ɗaya. Har yau ana yi wa dutsen laƙabi da mai cin mutane. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da santsin dutse da jiƙaƙƙiyar ciyawa, su ma ba sa wasa.

Na huɗu, ƙishirwa. Koma ga misalin kunya: in aka yi ruwa, a kwari yake kwanciya, ba a kan kunya ba. Haka doron dutse, shi ke raba ruwa, amma ba ya riƙe ko ɗigo. Dubi tudun Jos. Kogin Kadunan nan namu daga can ya taso ya nufi Kwara, na Gongola ya nufi Binuwai, wani ruwan kuma ya gangara wajen Tafkin Chadi, alhali wanda ke tsaye a ƙololuwa ba shi da na kurɓa. Mai irin wannan tafiya yana bukatar lita 3 zuwa 4 a yini, wato ledar fiya wata 6 zuwa 8, kuma a bayansa zai ɗauka.

Sai maganar lissafin hanya, wadda nan ne matasa suka fi ruɗin kansu. Wani mutumin Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 da ake aiki da ita har yau: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sa'an nan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. A tafiyar doro kuwa, duk sanda aka gangara aka sake hawa, sabon lissafi ne. Misali, tafiyar kilomita 15 da ta ratsa kawunan duwatsu uku, kowanne da hawan mita 400, awa 5 ke nan, ba hutu, ba salla, ba cin abinci, ba nauyin kaya. In aka sa waɗannan, yini ya tafi. Ga shi kuma dutse yana da yaudara, ka hango ƙololuwa kamar ka miƙa hannu, ka isa ka tarar da wata a bayanta. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Shi ya sa ƙwararru ke yanke lokacin juyowa tun kafin su tashi. Su ce, in azahar ta yi ba mu kai wuri kaza ba, mun juya, ko da saura taku ɗari. A wurinsu gwani shi ne wanda ya san lokacin komawa, don isa ƙololuwa rabin tafiya ne.

Alhaji, in ka lura, babu sabon abu a nan ga ɗan kasuwa. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da madugu mai faɗa a ji, da jagaba wanda ya san hanya da mashaya. Sukan yi sammako, su san zangon da za su kwana tun kafin su ɗaura kaya, kuma sukan duba lokacin shekara. Buzayen Azbin da ke kai ayarin raƙuma Bilma ɗauko gishiri haka suke yi. Dokar dutse ke nan, ba ƙari ba ragi.

Saboda haka ga shawararmu. Ka zaunar da yaron ka yi masa tambayoyi biyar. Wane ne madugunku, kuma ya taɓa bin wannan hanyar? Wane ɗan gari ne zai yi muku jagora, kuma kun nemi izinin hukumar gandun dajin a Serti, wadda ke haɗa baƙi da ma'aikatanta? A ina za ku kwana kowane dare, a ina za ku ɗebi ruwa? In wani ya karye ko ya targaɗe, ta ina za ku sauko da shi, tunda waya ba ta samun sabis ko'ina a can? Wa kuka gaya wa ranar dawowarku, wanda zai tashi nema in bai gan ku ba? Ka ƙara da binciken halin tsaron hanya a daidai lokacin tafiyar, daga bakin direbobi da mutanen yankin. Sa'an nan ka duba jakarsa da idonka: takalmi sau-ciki mai kama ƙasa wanda ya riga ya saba da ƙafarsa, rigar ruwa, rigar sanyi da hula, busassun tufafi a ƙulle cikin leda, bargo, tocila, sanda, da guzuri mara nauyi irin su dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin rogo.

Game da watan Agusta kuwa, gaskiya ɗaya ce: lokacin bai yi ba. Tsakiyar damina ce, sanyi da tsawa da hazo da santsi duk sun hallara, rafukan Gashaka kuma sun cika sun tumbatsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Su bari sai ruwa ya ɗauke, daga Disamba zuwa Fabrairu, su shirya wa sanyin hunturu da dare, su kuma yi hattara da gobarar daji. Kafin nan su gwada ƙafarsu a Kufena ta Zariya ko duwatsun Kagoro, su yi Shere a yini guda su ga yadda jikinsu zai ce, sa'an nan a yi maganar Taraba.

In ya amsa tambayoyin nan dalla-dalla, ya kuma yarda a ɗaga tafiyar zuwa rani, to ka sa masa albarka ya je, ka kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Tafiya mabuɗin ilimi ce, zai dawo ya san ƙasarsa, ya san iyakar ƙarfinsa. In kuwa ya ce ai ba komai, sai an je a gani, to ka riƙe kuɗin motarka, don wanda bai iya amsa tambayar mahaifinsa a zaure ba, ba zai iya amsa ta dutse ba.

Da fatan mun gamsar da kai, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuri'a. Sauran masu tambaya ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.