Cakin kuɗin waje a iyakar Gobir: abin da alƙaluma ke faɗa

Adadin da ya kamata mutumin Burkusuma ya fara riƙewa shi ne 655.957. Sefar da ake bayarwa a kan Yuro ɗaya ke nan tun 1 ga Janairun 1999, kuma har yau bai gusa ba. Wanda aka aiko wa cakin Yuro 1,000 daga Faransa, in a Maraɗi asusunsa yake, tun daga gida ya san abin da ke jiransa: jika 655 da 'yan kai, kafin banki ya cire ladansa.

Naira kuwa ba ta da wannan turke. A farkon Yunin 2023 dalar Amurka, ba dalar Maraɗi mai sefa biyar ba, tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Ranar 14 ga watan Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira linzami, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Cakin dala 1,000 da ya kai naira 460,000 ya koma sama da miliyan ɗaya da rabi cikin wata takwas. Kada a ɗauka riba ce tsintacciya, domin gero da taki ma ba su tsaya jira ba.

To amma caki ba kuɗi ba ne sai ranar da aka biya shi. Banki ba ya buɗe wa mutum asusu don ya zo da takarda mai adadi a jiki. Sai ya ga shaidar ko wane ne, a Nijeriya har da lambar BVN mai alƙaluma 11 da aka fara a 2014. Daga nan a tura cakin ƙasar da ya fito ta hannun wani bankin, a yi makonni ana jira, kowane banki ya yanki nasa. A ce kuɗin aikin duka dala 50 ne. A cakin dala 5,000 kashi 1 cikin 100 ke nan, a cakin dala 200 kuwa rubu'in kuɗin ya tafi. Ƙaramin caki shi ya fi shan wuƙa. In kuma na bogi ne, ko bayan kuɗin ya bayyana a asusu banki zai janye abinsa, mai asusu ya kwana da bashi. Nan 'yan damfara suke kafa tarkonsu: su aiko caki mai yawa, su ce a mayar musu da rara da gaggawa.

Batun buɗe asusu a ƙasar waje yana da nasa alƙaluman. Mai ƙetare iyaka da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 ko kwatankwacinsu dole ya bayyana wa kwastan. Tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa, gwamnoni, ministoci, kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusu a waje. A Oktoban 2018 gwamnatin Buhari ta ce masu ɓoyayyar dukiya a ƙetare su bayyana ta, su biya kashi 35 cikin 100. Asusun Maraɗi ma na waje ne a idon doka, ko da Tsibirin da ke kusa da Maraɗin gidan kakanni ne ga Bagobiri. Kuma an ga yadda iyaka ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Mai ajiya a can ya ji a jikinsa.

Gaskiya dai yawancin mutanen Sabon Birni da Isa ba su ma kai ga wannan magana ba. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manya a Nijeriya ba sa hulɗa da kowace kafar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kusan rabi. Ga 'yan bindiga a hanya, tafiya Sakkwato don bin sawun caki ba ƙaramar kasada ba ce.

Wanda ke da ɗan'uwa a waje ya roƙe shi ya turo ta banki ko kamfanin aika kuɗi mai lasisi. Tun ƙarshen Janairun 2024 da naira kamfanonin ke biya, kuma abin da ya wuce dala 200 asusu ake zuba shi. Mai son riƙe dalarsa ya buɗe asusun kuɗin waje a nan gida, a turo masa ta banki kai tsaye.