Yara Masu Matsalar Koyo da Tallafin da Suke Buƙata

Matsalar koyo wani yanayi ne da ke hana yaro mai cikakken hankali, mai lafiyar ido da kunne, ƙwarewa a karatu ko rubutu ko lissafi kamar tsaransa. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sauti da haruffa da lambobi, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Ba lalaci ke kawo ta ba, ba kuma daƙiƙanci ba ce.

Wadda aka fi sani ita ce disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa. Yaron yakan daɗe yana haɗa baƙi, ko ya iya kalma yau gobe ta ɓace masa, alhali da baki yana amsa tambaya daidai. Wani yaron kuma rubutu ne ke gagararsa, wani kuwa lissafi. Alamun sukan bayyana a farkon firamare, amma a ajin da ya cika maƙil da wuya malami ya lura. Sai a bi yaron da bulala da gori har makaranta ta fita daga ransa.

Matakin farko shi ne a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. Idan lafiya suke, sai a koya masa sautukan haruffa ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙaramin rukuni, tare da yawan maimaici. Yana taimakawa ya furta harafin yayin da yake zana shi da yatsa a rairayi. A jarrabawa kuma a ƙara masa lokaci. Fara karatu da Hausa yana da amfani, domin rubutun boko ya fi na Turanci bin lafazi.

Sanarwar Salamanca ta 1994 ta yi kira a karantar da irin waɗannan yara tare da sauran ɗalibai. A Najeriya, an sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, kuma Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo suna horar da malaman wannan fanni. Sai dai makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano sun fi karkata ga makafi da kurame, don haka nauyin yana kan malamin aji da iyaye.

Matsalar ba ta gushewa gaba ɗaya, amma yaron da aka gano da wuri, aka kuma yi haƙuri da shi, yana iya karatu har jami'a.