Motar Lantarki: Abin Da Dillali Zai Tambaya Kafin Ya Sa Baki

'Yan kasuwa da dillalan ƙasar Daura, daga Zango har Mai'aduwa, da Ɓaure da Sandamu. Yau maganar mota za mu yi, motar da ba ta shan mai.

Tun 2020 kamfanin Stallion ya haɗa wata a Ikko, Hyundai Kona. A watan Yuni na 2021 aka kai ta baje kolin kayan da ake yi a Nijeriya, a dandalin Eagle Square na Abuja, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya tuƙa ta. Mai kula da hukumar ƙera motoci a wancan zamani ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. A shekarar kuma hukumarsa ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da ke fara kama mutum a wurin nuni shi ne shirun. An tayar da mota, ba ƙara, ba hayaƙi, sai ka ga tana tafiya. Mutane su yi ta kabbara.

To, a nan fa dillali zai nutsu. Da me muka saba gane mota? Ka kasa kunne ga inji, ka duba hayaƙin salansa, ka zaro sandar baƙin mai ka murza a yatsa. Ita wannan ba salansa, ba filogi, ba baƙin mai, ba kuloci. Ƙarfinta duk yana cikin batir da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Batir yana tsufa kamar na waya, zafi kuma yana ƙara masa tsufa, ga shi kun san bazarar Daura. Sai a kawo maka 'yar Kwatano tana ƙyalli, alhali batirinta ya gaji, ido ba ya gani. Ka ci la'ada yau, bayan wata uku mai saye ya yi maka sallama da fushi. Saboda haka kada ka tsaya wa kowa sai an jona na'ura an karanto lafiyar batir, ka kuma ji ko akwai takardar lamuni a kansa, da bakaniken da ya iya taɓa shi.

Sai maganar wuta. Masu Kona sun ce caji ɗaya na kai ta kilomita 482, wato ta je Kano ta dawo da saura. Amma cikinta yunit 64 yake ɗauka, kuma a gida sai ta kwana tana sha, sama da awa 9, in wutar ba ta ɗauke ba. Wanda zai tayar da janareta don ya cika ta, ai man da ya gudu shi ya sake saye.

Ni a ganina, namu ba ya cikin wannan ta manya. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon buhu ya hana kowa sakat. Abin dubawa shi ne babur da keke mai ƙafa uku na lantarki, masu gajeren zango: daga tasha zuwa rumfa, daga Daura zuwa Kongolam, ko ran Lahadi a kai kaya Mai'aduwa. Batirinsu ƙarami ne, sola na iya cika shi. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo da ƙananan bas ya fara, yana cire musu inji yana sa batir, suna jigila cikin gari.

In ka je baje kolin Kano ko na Kaduna ka ga irinsu, kada ka tsaya ga fenti. Ce musu su ɗora buhu nawa, ya tafi kilomita nawa da kayan, kuma nawa ne sabon batir in wannan ya mutu. In sun yarda, a yi gwajin a kan hanyar burji, da kaya a kai.