Raunin Maƙoƙo: Yadda Ake Shan Maganinsa da Batun Ƙiba

'Yan'uwa, a garuruwanmu na Jazira da gaɓar Kogin Nilu, daga Hajj Abdalla zuwa Mai Wurno, da wuya a rasa gidan da ba a san ciwon da Larabawa ke kira gudda ba. Mun fi saninsa idan wuya ya kumbura, mu ce maƙoƙo. Amma akwai nau'in da ba ya kumbura wuya, sai dai ya kashe jiki a hankali.

A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai suna tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki da ƙona abinci. Idan ta yi rauni, komai sai ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin kasala da yawan barci, yana jin sanyi ana tsakiyar zafi, fata ta bushe, gashi ya zube, bayan gida ya yi tauri. Mata sun fi kamuwa, kuma yakan rikita al'ada, ya jinkirta haihuwa ko ya jawo ɓari. Sau da yawa mukan ɗora wa irin wannan baiwar Allah laifin lalaci, ko mu ce sammu ne, alhali gwajin jini na TSH kaɗai ya isa ya nuna matsalar.

Daga cikin dalilai akwai ƙarancin sinadarin aidin a abinci, wanda ya daɗe yana damun Sudan, musamman Darfur da yankin Bulu Nayil. Bincike a Darfur ya nuna yawan dogaro da gero yana ƙara maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci. Ba cewa muke a bar fura ba, a dai nemi gishiri mai aidin. Wani lokacin kuma garkuwar jiki ce ke far wa tsokar.

Maganinsa ƙwaya ce ƙarama, tayiroksin, wasu sun san ta da sunan Euthyrox. Tana maye gurbin abin da jiki ya kasa samarwa, shi ya sa galibi ake shan ta tsawon rai. Sai dai tana da ƙa'ida. A sha da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. A nan ne da yawanmu ke tuntuɓe, domin mun saba buɗe safiya da shayi mai madara ko jabana, kuma dukansu suna rage abin da hanji zai tsotsa. Wanda safiya ta yi masa wuya zai iya sha da dare, bayan awa 3 da cin tuwo.

Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki, da kalshiyam na ƙarfin ƙashi, da maganin ƙwannafi, suna riƙe tayiroksin a ciki. A raba tsakaninsu da awa 4. Wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya suna sa jiki ya ƙone shi da sauri. Mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini su sanar da likita, don wataƙila a sauya musu awo. Matar da ta samu ciki kada ta daina, ta garzaya asibiti, domin yawanci ƙara mata ake yi, kuma ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa.

Game da ƙiba, mu faɗa wa juna gaskiya. Abin da raunin tayirod ke ƙarawa yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, kuma akasarinsa ruwa ne da gishiri. Idan magani ya daidaita, wannan yakan sauka. Sauran kuwa na cin abinci ne da zama: sukarin da muke zubawa a shayi, yawan asida da mai, da ƙarancin tafiya. Ƙara ƙwaya don a rame ganganci ne, yana jawo faɗuwar gaba, rikicewar bugun zuciya da raunin ƙashi.

A watan azumi, a sha da ruwan buɗa baki a ɗan dakata rabin awa, ko kuma kafin sahur da tazarar da ta dace.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, sun yanke wa mutane da yawa magani da gwaji. Wanda ya yi watanni bai sha ba, musamman dattijo ko mai ciwon zuciya, kada ya koma kan tsohon awonsa da kansa. Likita zai fara masa da kaɗan, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. A ajiye ƙwayar a inuwa nesa da murhu, domin zafin Jazira yana rage ƙarfinta, kuma a sayi wata tun kafin ta ƙare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo wa ƙasar da zaman lafiya.