Taron bidiyo ta intanet da batun sirrin jama'a

Tun bayan ɓarkewar annobar korona a shekarar 2020, miliyoyin jama'a suka koma gudanar da tarurruka da darussa ta hoton bidiyo a intanet, lamarin da ya haifar da muhawara kan ko wa ke iya ganin bayanansu.

Kamfanin Zoom na Amurka ya ce masu halartar tarurruka ta manhajarsa sun ƙaru daga miliyan 10 a kullum a watan Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020.

Sai dai wannan bunƙasa ta zo da ƙorafe-ƙorafe. Wasu ɓata-gari sun riƙa kutsa kai cikin tarurrukan da ba a gayyace su ba. Haka kuma, hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zargi kamfanin da yaudarar jama'a game da ƙarfin tsaron hirarrakinsu.

A shekarar 2021 Zoom ya amince ya biya dala miliyan 85 domin sasanta wata ƙara da ta zarge shi da miƙa bayanan mutane ga Facebook da Google da LinkedIn.

Dokar Turai

A Tarayyar Turai dai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta tanadi tarar da ka iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara.

Babbar matsalar ita ce tura bayanan Turawa zuwa Amurka, inda hukumomin leƙen asiri ke da ikon neman su daga kamfanoni.

Saboda haka ne a watan Yulin 2020 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin ɓangarorin biyu, bayan ƙarar da ɗan fafutuka Max Schrems na ƙasar Austriya ya shigar.

Bisa wannan hukunci, a shekarar 2021 jami'in kare bayanai na birnin Hamburg a Jamus ya gargaɗi gwamnatin birnin da ta guji amfani da Zoom.

An ƙulla sabuwar yarjejeniya a watan Yulin 2023, amma masu fafutuka na cewa ba ta kawar da ainihin matsalar ba.

A wannan shekarar ce kuma Najeriya ta kafa tata dokar kare bayanai, wadda ita ma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa ƙetare.