Injin Aiki Mai Waya Ko Mai Batir: Wanne Za Ka Saya?

Bayan an gama girbi, mutum yakan sami ɗan kuɗi da ɗan lokaci. A nan ne yake duba gyare-gyaren gida. Ƙofa ta saki. Kwanon rufi ya ɗaga. Ana so a yi akurkin kaji, ko a gyara amalanke. A da, da guduma da zarto ake yin duk wannan. Yanzu a Unguwar Gai da sauran garuruwan Kibiya da Rano, mutane sun fara sha'awar ƙananan injina na hannu. Biyu ne aka fi nema: injin huda katako da ɗaure noti, da kuma injin yankan ƙarfe da wasa shi.

Kowannensu iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai waya, wanda ake jonawa da wutar lantarki. Akwai mai batir, wanda ake yi wa caji kamar wayar hannu. Mai waya shi ne babba. An fara ƙera injin huda na hannu mai lantarki a ƙasar Jamus a 1895. Mai batir bai fito ba sai a 1961, a Amurka. To, wanne ne ya fi dacewa da mutumin karkara? Kafin ka zare kuɗinka, yi wa kanka tambayoyi biyu.

Tambaya ta farko: Ina wutarka?

Har yanzu muna cewa wutar NEPA, ko da yake tun 2013 kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Kowa ya san yadda wuta take a ƙauye. Wani wuri babu ita sam. Wani wuri tana zuwa tana ɗaukewa. Injin mai waya, idan babu wuta, bai fi dutse amfani ba. Sai dai in kana da janareta.

Idan da janareta za ka yi aiki, duba ƙarfinsa. A jikin kowane inji mai waya akwai lamba da harafin W a bayanta. Wannan shi ne yawan wutar da yake ci. Ƙaramin injin yankan ƙarfe yakan ci 700W zuwa 900W, kuma a lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ɗan ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka bai kai 1000W ba, saboda haka zai sha wuya. Nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na injin.

Wuta mara ƙarfi ita ma matsala ce. Idan ka ga ƙwan fitila ya yi ja, kada ka tayar da inji. Zai riƙa juyawa a hankali, ya yi zafi, har ya ƙone. Doguwar waya siririya ita ma tana rage ƙarfin wuta.

Mai batir ba ruwansa da wannan. Kana iya yi masa caji a duk lokacin da aka kawo wuta, ko a shagon masu caji da sola. Kana iya hawa kan rufi da shi, ko ka tafi da shi gona.

Tambaya ta biyu: Wane aiki za ka yi?

A nan ne mai batir yake da iyaka. A jikin batir akwai lambobi biyu. Ɗaya tana da harafin V, ɗaya tana da Ah. Idan ka yi sau da su, za ka san yawan wutar da ke ciki. Misali, 18V sau 2Ah ya ba da 36. Injin da yake cin 720W zai shanye wannan cikin minti 3 kacal. Ka ga yankan ƙarfe mai kauri ba aikin ƙaramin batir ba ne. Amma huda katako da ɗaure noti ba sa cin wuta sosai. Batir ɗaya zai yi maka aiki mai yawa.

Saboda haka, aiki mai nauyi na mai waya ne. Aiki mara nauyi, na nan da can, na mai batir ne.

Wanne ya fi ƙarko?

Mai waya ya fi daɗewa. Abin da ya fi lalacewa a cikinsa wasu ƙananan gawayi ne guda biyu da ake kira burushi. Idan sun cinye, mai gyara zai sauya su da kuɗi kaɗan. Ko ka ajiye shi shekara guda, ranar da ka jona zai tashi.

Mai batir kuwa, ransa yana cikin batirinsa. Batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Bayan 'yan shekaru zai daina riƙe caji, kamar yadda na wayar hannu yake yi. Sabon batir yana da tsada. Kuma yawanci batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Wanda ya sayi injin da ba a samun batirinsa, ranar da batirin ya mutu, injin ma ya mutu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Kano yakan wuce awo 40. Kada ka bar batir a rana. Kada ka yi masa caji yana da zafi, bari ya huce tukuna. Idan za ka daɗe ba ka yi aiki ba, ajiye shi a inuwa da rabin caji. Batirin da ya kumbura, daina amfani da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Idan ka shiga kasuwa

Ko a Rano za ka saya, ko a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa cikin birnin Kano, kula da waɗannan:

1. Karanta rubutun jikin injin. Wutar Nijeriya 230V ce. Injin gwanjo da ya fito daga Amurka 120V ne. Idan ka jona shi kai tsaye zai ƙone.

2. Kada babbar lamba ta ruɗe ka. Batir mai 20V da mai 18V ƙarfinsu ɗaya ne. Idan ka ga ɗan ƙaramin batir mara nauyi an rubuta masa 98V, talla ce kawai.

3. Tambayi kuɗin batir shi kaɗai. Ka ce a nuna maka shi a shagon. In da hali, sayi inji mai batir biyu.

4. Ka sa a gwada injin a gabanka, kuma ka karɓi rasit.

5. Tafi da kafinta ko mai walda na garinku. Matambayi ba ya ɓata.

Kare lafiyarka

Sa tabarau kafin ka yanka ƙarfe. Kada ka cire murfin da ke kare faifan yanka. Tuɓe babbar riga, domin inji yana iya naɗe hannunta. Cire waya ko batir kafin ka sauya baki. Kada ka yi aiki da mai waya a jiƙaƙƙen wuri. Kakkaɓe ƙura bayan aiki, musamman da hunturu. A ɓoye shi daga yara.

A taƙaice, idan kana da janareta mai ƙarfi kuma aikinka na ƙarfe ne, sayi mai waya. Idan babu wuta kuma aikinka na katako da rufi ne, sayi mai batir, amma ka fara tanadin kuɗin batir na gaba tun yau. Idan sau biyu kawai za ka yi aikin a shekara, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa ku sayi mai kyau guda ɗaya. Allah ya sa albarka a cikin abin da muka samu, amin.